Ƙararrawar Inna da Babur ɗin Maƙwabci

Ko na tsufa na rasa haƙora, makon da na haɗa wa gidanmu ƙararrawa marar waya ba zai fita daga raina ba.

Shekarar ce ciwon ƙafa ya kwantar da Inna. Ni ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kiran sunana ba ko da wasa, don haka in tana bukatata sai ta jira wani ya gifta ta aiko shi. Ni kuwa tun ina saurayi nake kwance rediyo ina mayarwa. Na shiga kasuwa na sayo maɓallai biyu da na'urorin da ke karɓar saƙonsu. Ɗaya na ɗaure mata a jikin gado, ɗaya na manna a zaure saboda baƙi maza. Masu karɓar kuma na cusa su cikin akwati guda a rumfata, ina ta jin daɗin kaina.

Ashe rikici na haɗa. Baƙo ya danna a zaure, ta Inna ta yi kuka. Maƙwabcina, wani mai kai awaki kasuwar Mai'aduwa, ya kulle babur ɗinsa da rimot, duka biyun su ɗauka. Rana guda sau bakwai na ruga ɗakinta, tana cewa, "Ni ban kira kowa ba, ka bar ni in huta."

Ran nan gab da la'asar ƙararrawar Inna ta yi kuka sau uku. Na ce babur ne, na ci gaba da aikina. Sai ga maiɗakina da gudu: "Malam, Inna ce fa!" Na tarar da ita zaune a ƙasa, buta ta kife, ta yi ƙoƙarin saukowa alwala ita kaɗai. Allah ya tsare, ba ta ji ciwo ba. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai, wannan abin naka, babur yake amsa wa ko uwa?"

Washegari na buɗe bayan maɓallan. Sai ga ƙananan makunnai jere, ɗaya zuwa takwas, lambobin da muke koyo a ajin yaƙi da jahilci. Duk a saiti guda suka zo, kowa na magana ta hanya ɗaya. Na ba kowanne saitinsa, na raba masu karɓar da nisa, na miƙe wayoyin eriyarsu.

Na leƙa katanga na ce wa maƙwabcina, "Alhaji, danna rimot ɗin mu ji." Ya danna, shiru. Ya ce, "To, babur ɗina ya fita daga shari'a ke nan?"

Inna ta danna nata maɓallin, ƙararrawarta ta yi kuka. Kafin magariba ta ƙara sau biyar, kuma sau biyar na je. "Gwaji nake," in ji ta.

Na koyi cewa kira da yawa in suka bi hanya ɗaya, mai muhimmancin ne ke ɓacewa. Kuma in akwai yiwuwar uwa ce ke kira, a tashi a duba tukuna, a zargi babur daga baya.