Murfin Akwatin Kuwabara

Duk birnin Kanazawa, in dai tsuba ce, faifan ƙarfen nan da ke tare hannu tsakanin mariƙin takobi da kaifinsa, wajen Kuwabara Shigeji ake kai ta. Tsohon ma'aikacin gidan waya ne, gajere, mai saurin fushi. Kallo ɗaya zai yi wa zanen ya ce wannan furen ceri ne, wannan dinya ce a cikin hazo, ya jiƙa alkalamin gashi ya rubuta sunan a murfin akwatin da ake ajiye ta. Wanda ya yi masa gardama kuwa ya sha faɗa har bakin ƙofa.

Guda ɗaya ce ta gagare shi, wadda malaminsa ya bar masa da murfinta babu rubutu. Wasu dogayen abubuwa ne guda uku aka huda a jikin ƙarfen, kowanne da ɗan harshe a cikinsa. Shekara talatin da takwas yana fama! Ya ce ganyen gora ne, ya janye. Ya ce bakin kibiya, ya janye. Ya je har Kyoto sau huɗu, masana suka cika shi da shayi da surutun banza. Ga shi yanzu likita ya ce kafin ƙanƙara ta sauka idon dama ma zai bi na hagu da ya riga ya daina gani. Mutumin da ya raɗa wa kayan mutane dubu suna, a ce ya makance ya bar nasa murfin fari fat? Abin yana ci masa rai ba kaɗan ba.

Matarsa Tomie, 'yar masuntan teku ce daga yankin Noto, ba ta taɓa tsallake ƙofar ɗakin ba. Tun suna amare ya kafa dokar: hannun da ya saba da gishiri ba ya kusantar tsohon ƙarfe, tsatsa yake kawowa. A bakin ƙofa take ajiye abinci ta juya.

Ran nan da hantsi ta kawo shinkafa da miya, ta same shi ya kafa ƙarfen a hanci yana tsaki.

"Maigida, miyar za ta huce."

"Ta huce mana. Ke ina ruwanki da abin da ke damun mutum?"

"Wai har yanzu allurar tarun nan ce?"

Ya ɗago a hankali. "Allurar me?"

"Ta ɗinkin taru. A harshen nan ake naɗa zare. Babana yana da irinsu cike da kwando."

Kuwabara ya ɗaga ƙarfen wajen taga. Wallahi su ne, guda uku, ga su nan ƙuru-ƙuru. Ya karanta littafi ya fi ɗari, amma bai taɓa zama kusa da mai gyaran taru ba.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka shigo da ita. Daga nan na hango."

"Shekara talatin da takwas, Tomie, kina kallona ina hawa jirgin Kyoto?"

"Har guzuri nake ɗaura maka. Ka tambaye ni ne?"

Ya buɗe baki zai yi faɗa, ya rasa wanda zai yi wa. Kunya ta kama shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Can ya miƙo mata ƙarfen da hannu biyu, babu ko ƙyallen da yake riƙe shi da shi.

"Shigo ki riƙe."

Tomie ta dubi tafin hannunta, ta goge a zani, ta mai da shi baya.

"A'a, akwai gishiri. Ka rubuta abinka tun kana gani."

Ya niƙa tawada, ya rubuta "allurar taru" a murfin. A ƙasa, inda mai tantancewa ke sa sunansa, ya daɗe da alkalami a sama, sannan ya rubuta nata. Ko da ya ɗago zai nuna mata, ta riga ta tafi ɗumama miyar.