Warin Wuski a Rigar Babana

Babana, Delmer Caudill, ya yi shekara ashirin da ɗaya yana haɗa wa mutane madarar ƙwai duk Kirsimeti ba tare da ya kai ko ɗigo ɗaya bakinsa ba. A ƙauyenmu, can cikin duwatsun gabashin Kentucky, kowane gida da abin da aka san shi da shi in biki ya zo. Wasu wainar tuffa, wasu gasasshen talotalo. Mu namu ita ce wannan madarar da muke kira egnog, wadda Baba ya gada a hannun mahaifiyarsa haɗe da babban kwanon tangaran da ake dama ta a ciki.

Yana da shekara goma sha shida ya shiga ramin haƙar kwal. A ramin ya koyi aiki, a bakin ramin ya koyi shan giya. Ba mai duka ba ne, ba mai zagi ba ne. In ya sha sai dai waƙa da kuka da rungumar mutane, kuma wannan ma ya ishe mu abin kunya. Shekarar da na cika tara aka sa ni mala'ika a wasan yara na coci, da fukafukan waya da farar takarda. Ina tsaye a gaban jama'a ina jiran layina sai ga Baba ya shigo yana tangaɗi. Ya ɗaga hannu ya ƙwala ihu, "Ga Nadine ɗina can! Ku duba min mala'ika!" Ya zo zai tafa, ya haɗu da benci, ya kife. Maza biyu ne suka ja shi waje, takalminsa ɗaya ya rage a tsakiyar coci. Ni aka ba takalmin na kai gida.

Washegari bai yi wa kowa alkawari ba. Ya kwashi kwalabensa ya zagaya bayan akurkin kaji ya tsiyaye su a ƙasa, ya dawo ya ce wa mahaifiyata, Arlene, ta ba shi shayi. Daga ranar ya daina. Bayan shekara biyar ƙirjinsa ya hana shi aikin rami, ya samu tuƙin bas ɗin makaranta, ya riƙe wannan aiki kamar ransa. Ya san sunan kowane yaro da sunan karensa. Garin ya manta da tsohon Delmer, ko ya yi kamar ya manta. Ni ce ban manta ba. Har na girma, na yi aure, na koma birni, duk lokacin da ya rungume ni sai na ɗan ja numfashi ta wajen wuyansa. Ina tsammanin bai sani ba.

Fasto ya taɓa ce masa ya bar haɗa madarar nan, tunda da wuski ake yinta. Baba ya ce, "Uwata ce ta bar min ita. Kwalba ta ci min abubuwa da yawa, ba zan ƙara mata da wannan ba." Saboda haka sau ɗaya a shekara yakan tuƙa zuwa gundumar da ke maƙwabtaka da mu, don tamu ba a sayar da giya, ya sayo kwalba biyu ya miƙa wa Mama ta kulle.

Ranar jajibirin Kirsimeti tun da hantsi yake farawa. Ƙwai dozin biyu, yana fasa kowanne da hannu ɗaya, gwaiduwa nan, fari can, ko sau ɗaya ba ta fashe masa. Ya buga gwaiduwar da sukari har ta yi fari-fari. Sannan wuskin, siriri kamar zare, hannu ɗaya na zubawa ɗaya na juya maburgi, don in aka sake shi da yawa ƙwan zai yi gudaji. Sai madara da maiƙon da ke taruwa a samanta. Farin ƙwan ya buga shi har ya tashi ya zama kumfa mai tsayawa da kanta, ya lulluɓe kwanon da ita, ya goga gyaɗar ƙamshi a kai. Ta yara daban, ba wuski. Daga nan sai ya leƙa falo.

"Arlene, zo ki ara min harshenki."

Mama ta zo tana goge hannu, ta kurɓa a ludayi, ta lumshe ido.

"Yaya?"

"Ka bari in haɗiye mana, tsoho."

"Sukari ya ji?"

"Sukari ya ji. Wuskin ne ka yi masa rowa, sai ka ce daga jininka ake ɗiba."

Ya ƙara kaɗan, ta sake kurɓa, ta ce yanzu ya zama mutum. Sai ya kai kwanon baranda ya sha sanyin ƙanƙara kafin baƙi su iso.

Mama ta rasu a watan Afrilu na 1986. Kirsimetin shekarar, ni da mijina Wendell muka iso daga birni wajen ƙarfe biyu na rana, muka tarar falo ya cika. Akwai Goggo Verna, yayar Baba, da maƙwabta, da Imogene Fugate mai aikin gidan waya, wadda in magana ta shiga kunnenta da safe, kafin azahar ta gama zaga gari. Baba bai fito ba. Aka ce tun safe ya kulle kansa a kicin, ya hana kowa shiga.

Da ya fito, rungume yake da kwanon a ƙirji, yana jan ƙafa a hankali. Fuskarsa ba walwala. Madarar na ta fallatsa a gefe har ya dire ta kan tebur. Babu kumfar nan a sama, sai wani abu tsararo mai gudaji-gudaji. Goggo Verna ta ɗiba ta kurɓa, ta zaro ɓawon ƙwai daga bakinta ta ɗaga shi sama.

"Delmer, wannan madarar ƙwai ce ko ruwan wanke-wanke? Da Inna na raye da ta bi ka da ludayi."

Aka yi dariya. Shi ma ya yi ƙoƙarin yi. Na je na rungume shi, na ja numfashina kamar yadda na saba, sai warin wuski ya dake ni. Ba ɗan ƙamshin da ke tashi daga kwano ba ne, rigarsa ce jiƙe da shi. Na wuce kicin. Ɓawon ƙwai ya cika bokiti har ya zubo. Kwalba ɗaya na kan tebur saura rabi, ɗayar na yashe a ƙasa ba komai a ciki.

Da na tsaya na yi tunani na minti ɗaya, da na rufe ƙofa na kira shi gefe. Amma a lokacin ba matar aure mai shekara talatin ba ce a kicin ɗin, yarinyar nan ce da aka miƙa wa takalmi. Na ɗauki kwalbar na fito da ita tsakiyar falo.

"Baba, mene ne wannan?"

"Kwalba ce, Nadine."

"Na san kwalba ce. Ina abin da ke ciki?"

"Ajiye, 'yar nan. Akwai baƙi."

"Su gani mana! Ko wata tara Mama ba ta yi a ƙasa ba. Dubi yadda kake tafiya. Dubi hannunka!"

Hannunsa na dama na rawa a gefen wandonsa. Ya cusa shi cikin aljihu. Wendell ya ja min hannun riga, na fizge. Goggo Verna ta ce, "Ke, rufe mana baki, ubanki ne fa." Ban ji ba.

"Da wannan hannun kake ɗaukar 'ya'yan mutane kullum safe? Dube ni ka ce ba ka sha ba."

Ya dube ni. Muryarsa can ƙasa ya ce, "Ban sha ba."

"Haka ka riƙa gaya wa Mama."

Baba ya sunkuya ya ɗauki kwanon, ya sake rungume shi, ya ja ƙafa ya koma kicin. Ɗaya bayan ɗaya baƙi suka tuna suna da abin yi a gida. Imogene Fugate ce ta fara sa rigar sanyinta. Mu ma ba mu kwana a gidan ba. A mota ina ta faɗa wa Wendell wai gaskiya na faɗa, wai gara a ji ta daga bakina.

Kafin makarantu su koma hutu, takarda ta iso wa Baba daga hukumar makarantar: ya miƙa makullin bas har sai an bincika wata magana da iyaye suka kawo. Goggo Verna ce ta bugo min waya. Ta ce, "To, mala'ika, an karɓe motar. Hankalinki ya kwanta?" Ta ajiye.

Har a lokacin ina ganin ni ce mai gaskiya. Na nemo asibitin da ke kula da mashaya, na yi masa rajista, na je na ɗauko shi. Bai yi musu ba. Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya daɗe yana fama da maɓallan, ni kuwa ina tsaye ina duba agogo.

Likitar wata mace ce mai sanyin magana. Ta saurari dogon bayanina, ta ɗebi jininsa, sannan ta ce ya miƙe hannuwansa. Ta ce ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo. Ta ba shi biro ya rubuta sunansa, rubutun ya fara da girma ya ƙare ƙanana kamar tururuwa. Ta tambaye shi tun yaushe hannun ke rawa. Ya ce tun bazara. Sai ta juyo gare ni.

"Wa ya ce miki mahaifinki na shan giya?"



Ta ce babu alamar giya a jikinsa. Ta ce ga dukkan alamu ciwon karkarwa ne, irin wanda ke farawa daga ƙwaƙwalwa, yana sa jan ƙafa, ya daskarar da fuska, ya rage murya. Ta rubuta mana sunan wani likita a birni. Ta kuma ce, cikin tausasawa, maganar tuƙi ta ƙare.

A cikin mota na kasa tayar da inji. Na kifa kaina a kan sitiyari. Shi ne ya fara magana.

"Ƙwai dozin huɗu na fasa ran nan. Duk wanda na ɗauka sai gwaiduwar ta tsinke cikin farin, shi ya sa kumfar ta ƙi tashi. Da na zo zuba wuskin, kwalbar ta kuɓuce ta juye a jikina. Ga baƙi sun fara zuwa. Ga ba wanda zan ce ya ɗanɗana min."

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba?"

"A gaban Imogene? In ce hannuna ya lalace? Ai duka ɗaya ne, motar za su karɓa." Ya dubi hannun da ke rawa a cinyarsa. "Kuma a wannan kin yi gaskiya. Bai kamata in ci gaba da ɗaukar yaran nan ba. Na sani tun watan Oktoba, na kasa sakin makullin ne. Kunyar da nake ji ke nan, ba ta kwalba ba."

Na ce ya yafe min. Ya ce, "Na daɗe da sanin kina shinshina ni. Ban taɓa ganin laifinki ba, ni na koya miki. Tayar da motar, sanyi nake ji."

Lahadin da ta biyo baya na miƙe a coci bayan wa'azi, na gaya wa jama'a cewa ƙazafi na yi wa mahaifina, na faɗi abin da likita ta ce. Na ɗauka zai ji daɗi. Da muka fito bai kula ni ba sai da muka kai gida. Ya ce, "Sau biyu ke nan kina tsayar da ni tsirara a gaban mutane, Nadine. Wannan karon ma ba ki tambaye ni ba." Ya yi kwana uku ba ya min magana, kuma da gaskiyarsa.

Daga baya ya dawo wurinmu a birni, ya yi shekara bakwai a ɗakin da ke kusa da kicin. Bai ƙara haɗa madarar da hannunsa ba. Yakan zauna a kujera yana ba Wendell umarni, yana yi masa tsiya cewa hannun ɗan ofis ko kaza ba ta tsoronsa. Ni kuwa ban taɓa iya tsayawa a kicin ɗin ba in ana yi, sai in ƙirƙiri aike in fita.

Ya rasu a watan Fabrairu na 1994, muka kai shi gida muka binne kusa da Mama. Mutane sun zo da yawa, galibi waɗanda ya taɓa ɗauka a bas suna yara. Wani magidanci mai gemu, riƙe da 'yarsa, ya kama hannuna ya ce Malam Delmer ya taɓa juyo da bas guda saboda ya manta jakarsa a bakin hanya. Ya share hawaye. Sannan ya rage murya ya ce, "Abin tausayi dai, an ce a ƙarshe ya koma wa kwalba, ko?"

Na ce masa a'a, ciwo ne, bai taɓa komawa ba. Ya gyaɗa kai da sauri, irin gyaɗawar da ake yi wa mai makoki don kada a ja magana da shi. Ya ce, "Haka ne, haka ne, Allah ya ji ƙansa." Na so in riƙe shi in gaya masa daga bakin wa maganar ta fito, amma akwai mutane a bayansa suna jiran yi min gaisuwa, sai na sake shi ya wuce.