Mushe Ɗalha da Ƙwan Zabi a Dogo-Dogo

Kafin ya karya kumallo, Mushe Ɗalha (Mushe ake ce wa malamin boko a nan) yana akurki. Ya ɗaga kazar da ke kwanci, tana tsattsagarsa yana ba ta haƙuri, ya zari ƙwai ɗaya ya naɗe a rawani, ya kama hanyar lakwal, wato makaranta, kamar ana korarsa. Malamin ilimin halittu ne a wata sakandare ta Dungass, bana zai ajiye aiki, kuma har yau ba a samu wanda ya taɓa ganinsa zaune a aji ba. Matarsa Habsatou ta ce in da kujera na kai ƙara, da tuni ta kai shi.

Kowace damina ƙwan zabi yake saye ya sa wa kaza, tunda zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Wasu ya bari su ƙyanƙyashe, yara su ga ɗan zabo ya fito da halin zabi ko da kaza ce ta ɗumama shi. Wasu kuwa ya fasa su tun da wuri, ya miƙa wa yara gilashin ƙara girma. Mutanen gari sun kira shi almubazzari. Bai tsaya sauraro ba, yana sauri.

Damina biyu da suka wuce, tsohon ɗalibinsa Barau ya zo masa a firgice daga wani ƙauyen Dogo-Dogo. Matarsa Kadi ta haifi 'ya, Fiddausi, wadda fuskarta ba ta motsi. Tana kuka, murya na fita, fuska shiru. Tsofaffi suka tuna cewa da cikin ya tsufa Kadi ta je rijiya da tsakar rana ta bi ta gindin tsamiya, suka yanke cewa aljanu sun yi musaya. Kadi ta yarda. Ta daina goya yarinyar, nono ma sai an matsa mata, ga jaririyar dama ba ta iya kamawa sosai. Kullum ramewa take.

Mushe bai gama jin labarin ba ya cusa kaza da ƙwanta a kwando, ya haye bayan babur. Duk hanya yana zungurin Barau ya ƙara wuta, yana kuma faɗa masa ya bi a hankali saboda ƙwai.

A tsakar gida, gaban mata, ya fasa ƙwai a faranti. Kadi ta ƙi matsowa, sai da surukarta ta duba ta yi salati. Ga wani ɗan jan ɗigo yana bugawa, zuciyar ɗan tsakon ke nan. Ya nuna musu bayan ɗan kan, inda ƙwaƙwalwa ta jeru gaɓa-gaɓa kamar wake a kwasfa. Ya ce kowace gaɓa da umarninta a cikin ƙwayoyin gado da ɗa ke samu daga uwa da uba: wannan ta fitar da jijiyar tauna, ta kusa da ita ta motsa fuska, wata ta haɗiya. In umarnin ya sami tangarɗa, ko wani abu ya tare gaɓar tana tsiro, jijiyar ba ta kammala. Mutum ma haka Allah ya tsara shi.

"Kadi, kafin ke kanki ki tabbatar kina da ciki an gama wannan shiri," in ji shi. "Ranar da kika je rijiya, aikin ya daɗe da wucewa."

Surukar ta tambayi laifin wa ke nan. Ya ce ba na kowa ba ne, kuma shi ba likita ba ne, gobe a kai yarinyar asibitin Damagaram. Kadi ta daɗe tana kallon farantin.

"Mushe, to ta san ni?"

"Kira ta ki gani."

Ta kira sunanta a hankali. Jaririyar ta juyo da kai gaba ɗaya tana harba ƙafafu. Kadi ta fashe da kuka ta sungume ta. Barau ya ce malaminsa kuwa sai lalubar kaza yake a kwando. A Damagaram aka koya wa Kadi tatsar nono ta ba ta da cokali, yarinya ta fara murmurewa.

Mushe Ɗalha, kai ne ka ɗauki ilimin da ake kullewa a aji ka kai shi tsakar gida. Zakara mai tada gari, ba ka warkar da fuskar Fiddausi ba, ba ka kuma yi ƙaryar za ka iya ba. Uwarta ka mayar mata. Mun gode, Allah ya saka maka da alheri. Hankalinmu dai ba a kwance yake ba, don har yanzu babu malamin da ya ce zai karɓi kwandon, alhali kaza da ƙwai ba su fi ƙarfin kowa ba. Malaman Magaria da Dungass, wani ya tashi ya ɗauka.

Fiddausi tana tafiya yanzu, fuskarta na nan yadda take. Ran kasuwa wata mai tallar gyaɗa ta ƙura mata ido, ta ja da baya, ta tambayi Kadi ina ta samo wannan. Kadi ta ɗaga yarinyar ta ɗora a kafaɗa yadda kowa zai gani.

"'Yata ce," ta ce. "Ni na haife ta."