Mis Verlene ta Saman Gareji

Surukata Verlene Tatum ta yi shekara talatin da ɗoriya tana kallon wasan besbol, wanda ake buga ƙwallo da sanda, a filin Kwalejin Ashby Creek, amma ko sau ɗaya ba ta taɓa shiga ta ƙofar filin ba. Duk gari Mis Verlene ake ce mata. Ni kuwa Mama nake ce mata tun da na auri 'yarta Loretta.

Mahaifinta magini ne, yana cikin waɗanda suka ɗora jan bulon filin bayan yaƙin duniya na biyu. Ranar buɗewa ya yi wanka, ya sa hularsa ta zuwa coci, ya riƙo hannun Verlene tana 'yar shekara goma. Mai gadi ya ce baƙar fata ba sa shiga ta nan, su zagaya bayan shinge su tsaya. Suka juya gida. Tun a hanya ta ce ita da wannan ƙofa har abada. Daga baya doka ta canza, kowa ya shiga, ita dai tana nan kan bakanta.

Abin dariya, da ita da mijinta Roscoe suka tashi sayen gida, wanda ƙarfinsu ya kai shi ne na Layin Mulberry, bayansa jingine da shingen filin. Roscoe ya kafa katakai a saman gareji, ya sa tsani da kujera ɗaya don kansa. Wata rana ta hau kiransa cin abinci, sai ta ga wani ɗan wasa ya saki ƙwallon da ta faɗo masa har cikin hannu.

Ta ce, "Ko ni da nake riƙe da ludayi da na cafe wannan."

Ɗan wasan ya waiwayo, don ya ji sarai. Daga ranar Roscoe ya rasa kujerarsa.

Aikinta dafa abinci ne a makarantar firamare, kuma a can ta samo muryar, wajen tsawata wa yara a ɗakin cin abinci. Da ta tashi aiki sai ta hau da kwanon wake tana ɓarewa tana kallo. Ba ta bar kowa ba, 'yan gida da baƙi.

"Kai mai lamba bakwai, gudu kake yi ko rakiyar amarya?"

"Alƙali, matarka ta san ka fito ba tabarau?"

Ƙwallo kuwa kullum sai ta tsallako shinge ta faɗa cikin tumatir da kuɓewarta. Ta kafa doka: ba ta jefa wa kowa. Wanda ya bugo ta shi zai zo ƙofar gida bayan wasa, ya cire hula, ya yi gaisuwa. In ya zo kuma ba ya fita sai ya ci soyayyar kaza da burodin masara, don a ganinta duk yaran kwalejin yunwa ce ke hana su gudu.

Koci Brumfield, mai horar da 'yan gida, ya taɓa zuwa da kansa, hula a hannu.

Ya ce, "Mis Verlene, don Allah ki riƙa yi wa baƙi kaɗai. Yarana kike rikitawa."

Ta ce, "Koci, ni na ce su riƙa sakin ƙwallo? Duk wanda ya yi abin kirki zan yaba masa."

"Yaushe kika taɓa yaba wa wani?"

"Ina nan ina jira."

Ya tafi da kek ɗin dankali a nannaɗe, bai sake tayar da maganar ba.

Cikin duk waɗanda suka tsaya tsaro a gindin shingen nan, mutum ɗaya ne ya taɓa mayar mata da magana. Sunansa Dale Novotny, wani dogon farar fata daga can Minnesota, wanda zafin garinmu ya kusa narkarwa. Ta sa shi gaba har ya gaji, ya juyo ya ce, "Mis Verlene, in kin iya ki sauko ki kama mana."

Ta ce, "Ɗana, ai daga nan ma na fi ka kusa da ƙwallon."

Shi ke nan ya zama ɗan gida. Har ya gama karatu, duk Lahadi a teburinta yake cin abinci. Da Roscoe ya rasu, Dale ya tuƙo mota tun daga garinsu, da shi muka ɗauki akwatin gawa.

A shekarar 2003 kwalejin ta gina sabon fili a bakin babbar hanya, aka ce za a rushe tsohon. Shugabar kwalejin, Dokta Whitlow, ta zo gida ina zaune, ta roƙi Mama ta shigo fili ranar wasan ƙarshe ta yi jifar buɗe wasa. Ta ce ta ji labarin abin da aka yi wa mahaifin Mama, kuma ba daidai aka yi ba.

Mama ta gyara mayafin tebur. Can ta ce, "Na gode da kika faɗa. Amma shi ya kamata ya ji, kuma yana maƙabarta. Ba zan shiga ba. In jifa kuke so, ina da hannu a saman gareji."

Haka aka yi. Ranar fili ya cika maƙil, mai sanarwa ya kira sunanta, jama'a suka miƙe suka juyo suna kallon garejinmu. Mama ta sa rigar coci da hula mai fure. Dale ne ya tsaya a gindin shinge don ya cafe, lokacin ya zama malamin makaranta mai sanƙo da tumbi. Ta ja hannu ta wurga. Ƙwallon ta daki saman shinge, ta yi tsalle, ta taɓa hannun Dale ta faɗi ƙasa.

Ta ce, "Shekara ashirin, har yau bai koya ba."

Na kusa da shinge suka ji suka fashe da dariya, suka gaya wa na gaba, har maganar ta zagaye fili.

Da motocin rusau suka zo ba ta hau kallo ba. Ta saki labule ta yini girki, abinci har maƙwabta. A wurin yanzu ɗakunan kwanan ɗalibai ne. Ni da Loretta muka damu, muka ce zaman shiru zai kwantar da ita.

Ashe ita wani shiri take. Wata safiya ta miƙo min makullin tsohuwar motar Roscoe ta ce in koya mata tuƙi, tana dab da shekara saba'in. Na sha wuya a hannunta, akwatin wasiƙun maƙwabcinmu ma ya sha. Da ta samu lasisi sai ta shiga bin ƙungiyar 'yan mata da 'yarmu Corinne ke yi wa wasa, gari gari, da kujerarta mai naɗewa a but ɗin motar. An taɓa korarta daga wani fili saboda alƙalin wasa ya ce ba zai iya aiki tana nan ba. A hanyar dawowa Corinne ta haɗe rai.

"Kaka, kin ba ni kunya a gaban ƙawayena."

Mama ta ce, "Yi haƙuri, 'yar nan. Asabar mai zuwa bakina alekum."

Corinne ta ce, "Haka kika ce wancan makon."

Mama ta ƙara wa rediyo murya, ta tambaye ni ko mun wuce kwanar da ake sayar da gasasshen haƙarƙari.