Beben Bakin Rijiya

A shekarata ta biyu da fara koyar da wasan kwaikwayo a jami'a, bayan farin nan na shekarun saba'in, na kwashi ɗalibaina shida muka tafi wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar. Rijiya ɗaya ta rage musu mai ruwa, kullum manoma da makiyaya cikin cacar baki suke a kanta. Na rubuta wasa a kan haka, ina ji da shi sosai.

Kwana uku muna gwaji a gindin tsamiya. Mutane su tsaya, su ɗan kalla, su wuce. Mutum ɗaya ne ba ya gusawa, wani makiyayi bebe da zai kai shekara arba'in. A rana ta uku, ɗalibin da ya fito a saniya yana rarrafe yana kuka, sai beben ya girgiza kai, ya jefar da sandarsa, ya shigo fili ya janye shi gefe.

Na yunƙura zan hana. Mai gari ya riƙe mini hannun riga.

"Malam, ƙyale shi. Garke guda farin nan ya cinye masa. Ya fi ɗalibinka sanin saniya."

Beben ya duƙa. Wallahi ban san lokacin da na daina ganin mutum ba. Saniya na gani, ta miƙa wuya tana shaƙar ƙamshin ruwa daga nesa, ƙafafunta na rawa. Gwiwoyin gaba suka fara lanƙwashewa, sannan ta zube. Sai ya miƙe ya koma makiyayi, ya kama wutsiyar da babu ita yana ɗagawa, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Ya kasa. Ya zauna ya ɗora kanta a cinyarsa yana kore mata ƙuda.

Da na waiwaya, fili ya cika. Masu jan guga sun saki igiya sun taho. Can wani dattijo manomi, wanda ya fi kowa zafi a rigimar rijiyar, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "Haka takarkarina ya mutu. Haka dai."

Na naɗe takarduna na cusa a aljihu. Muka sake gina wasan da beben, yana nuna mana da hannu, muna bi. Ranar kasuwa muka kai wasan Maigatari, har fataken da suka ƙetaro daga Nijar suka bar raƙumansu suka zo kallo. A ƙauyen kuwa, mai gari ya raba rijiyar, safe na gidaje, yamma na dabbobi. Rigima ba ta ƙare ba, amma ta yi sauƙi.

Tun daga nan, duk garin da na kai ɗalibai, sai na fara neman makafi da guragu da kurame su shigo fili tare da mu.

Bayan damina biyu na koma ƙauyen neman beben. Aka ce ya samu 'yan awaki, ya yi arewa da su wajen Damagaram.