Sunan da Ban Kira ba a Bakin Tafki

Ana idar da sallar asuba muka bar Sanyuanli, unguwarmu a China, ni da matata da 'yarmu mai shekara huɗu, sai abokina ɗan Maraɗi da ya aro mota zai kai mu. A aljihuna akwai fasfo, bizar cikinsa ta kusa ƙarewa. Ana ta shirin wasannin Olamfik, an tsaurara wa baƙi, duk tagar da na leƙa neman sabuntawa amsar ɗaya ce: "mei yo", wato babu. Aka ce in koma Najeriya in nemo wata, alhali waɗanda suka riga ni komawa suna can Kano jira ya ishe su. Matata 'yar China ce, tana jinyar mahaifiyarta, ba halin ta bi ni. Ita ta kawo shawarar mu fita gari, ko yarinyar ta samu abin tuna ni.

Titi sumul, tutocin wasa ta ko'ina, kowa murna yake ban da mu. Da muka yi arewa sai duwatsu da gonaki, mata a bakin hanya suna sayar da lici, wani ɗan itace mai jan ɓawo da farin ciki. Abokina ya sha ya ce ko a Maraɗi babu irinsa. Wanda ya san shi ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Masaukin namu motoci ne masu ɗaki, an jera su a bakin tafki. Kowace da gado da murhu da banɗakin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Tsada kuwa ba a magana. Mai wurin ya duba bizata ya girgiza kai, ya ce, "Laban, saura kaɗan." Haka suke kiran duk ɗan kasuwa, maigida. Na kalli tayoyin motocin, ciyawa ta cinye su, sun daɗe ba su motsa ba. Mota ta samu wurin zama a ƙasar nan, ni mai iyali na rasa. Raina ya ɓaci ƙwarai.

A gidanmu uba ba ya kiran sunan ɗansa na fari, kunya ce da muka gada. Ni ne na fari, har mahaifina ya rasu ban ji sunana a bakinsa ba, kuma ban taɓa shakkar yana ƙaunata ba. Don haka 'yata, da yake ita ce ta fari, "ke" nake ce mata. Matata ta daɗe da haƙura, amma muna sauke kaya ta ce, "Ka kira ta ko sau ɗaya ne. Nan ba Kano ba ne, babu wanda zai yi mata bayani." Na ce to.

Washegari muka hau dutse kallon wani ruwa da ke zubowa daga sama. Matakala ba ta ƙarewa, abokina ya zauna a rabi ya ce ruwan ai daga nan ma ana jin ƙararsa. Muka shiga kwalekwale, muka sayi kifi wurin masunta, muka gasa da yajin da na taho da shi daga gida. Duk yinin sunan yana bakina, ya ƙi fita.

Da la'asar yarinyar ta bi agwagi da gudu a kan wata gadar katako da ta shiga cikin tafkin. Na ƙwala ihu, "Ke! Ke!" Ko waiwaye ba ta yi ba. Sai wata tsohuwa daga motar kusa da tamu, wadda jiya jiya ta san ta, ta kira sunanta. Nan take yarinyar ta tsaya, ta juyo ta ruga wurin tsohuwar. Muna cin abinci ta raɗa wa uwarta da yarensu, tana zaton ba na ji: "Baba ya manta sunana ne?" Na ture kifin nan gefe.

Ranar komawa na zaunar da ita a ƙofar motar, na riƙe hannunta, na buɗe baki. Ji nake kamar mahaifina yana tsaye a bayana. Abin da ya fito shi ne, "Ke, sa takalminki."

Muka dawo Sanyuanli muka tarar shagunan mutanenmu da yawa a garƙame. Ba a yi mako ba na hau jirgi.

Yanzu ina Kano, biza shiru. Tafiyar nan ta koya mini cewa kunyarmu sai da dangi a kusa, kaka ko gwaggo da za ta ce wa yaro, "Ubanka na son ka, ba ya faɗa ne." 'Yata ba ta da ko ɗaya.

Shekaranjiya na buga waya, uwar ta miƙa mata. Na runtse ido na kira sunanta, ƙarara, karon farko. Sai na ji ta ce wa uwarta, "Karɓi, wani mutum ne. Baba 'ke' yake ce mini."