Ƙarkashin da Umma ta Bari

A saman gidanmu na unguwar Mansur a Makka akwai tsofaffin bahunan roba, a ciki ƙarkashin Umma yake. Ban ce shuka shi take yi ba, don ban taɓa ganin ta da iri a hannu ba. Kakarmu ce ta ƙullo irin a bakin zane da za ta taho daga Kano, ta zuba sau ɗaya, shi ke nan. Idan zafin Makka ya sassauta sai ya tsiro da kansa, ya yi fure ruwan hoda, mu tsinki ganye a yi miya. Sauran kuwa sai Umma ta bar shi ya bushe a tsaye, kwanson ya fashe, iri ya zube ya kwanta a ƙasar bahon sai wata shekara. Ruwan da ke ɗiga daga mukayyif ɗin ɗakinta, wato na'urar sanyaya ɗaki, take tara masa a jarka. Duk wanda ya taɓa busassun karan nan, ranar zai ji bakin Umma.

Lokacin da ta rasu a bushe yake. Aka yi mata salla a Harami bayan la'asar, maza suka wuce da ita, mu muka dawo gida. Ni ban yi kuka ba. Ana ta rungumata ana ba ni haƙuri, ni kuwa takalman da suka taru a bakin ƙofa nake kallo, ina tunanin wa zai jera su.

Gidan ya yi wa masu gaisuwa kaɗan, aka ce mata su hau sama. Matar yayana ce ta ɗauki gyaran wurin. A unguwar Rusaifa ta nan Makka ta tashi, Hausarta ma guntu-guntu ce, amma wallahi mace ce mai kirki, ta fi ni wahala a jinyar Umma. Ta hau ta tarar da bahuna cike da busasshen kara, ƙasar ta yi tauri, ga manyan mata za su zo. Kunya ta kama ta. Ta juye komai a buhu aka sauke wa motar shara, ta aika aka sayo baƙar ƙasa da jajayen furanni ta jera.

Sai da aka watse makoki na lura. Na ce, "Anti, ina ƙasar Umma?"

Ta ce, "Ai na canza, habibti. Ya mutu duka, ko ganye ɗaya babu. Kin ga waɗannan? Da Umma ta gani da ta so su."

Ni da nake tada gida a kan cokali ɗaya, ranar ko murya ban ɗaga ba. Na dai ce mata irin a cikin ƙasar yake. Ta dafe kai ta zauna daɓas tana kuka, ni ina tsaye ina kallon ta kamar ba da ni ake ba.

Na bi kusurwoyin saman da tsintsiya, na tara ƙurar a gwangwani, na yi ta ba ta ruwa har sanyi ya shigo ya fita. Wata 'yar ciyawa ce kawai ta fito.

Wani ɗalibi mai haya a ƙasanmu zai je hutu Kano, na roƙe shi ya taho min da irin ƙarkashi. Da ya dawo sai ya miƙo min ƙatuwar leda. Wai mahaifiyarsa ta ce haba, wa yake aika wa mutanen Makka tsabar iri kamar kaji, ai raini ne. Ta sa aka daka mata busasshen ganyensa mai kyau, ta tankaɗe da hannunta. Na yi godiya.

Ranar Juma'a na kaɗa miya da shi, na yi tuwo. Yayana ya kai loma ya tsaya, idonsa ya cika. Ya ce, "Allahu akbar! Ashe abin Umma yana nan a sama bai mutu ba."

Matarsa ta ɗago ta dube ni. Na ce, "Yaya, miƙo kwanonka in ƙara maka."